Khadija ko Hadiza: Amsa Ga Uwar Da Ke Jin An Ɓata Sunan Ɗiyarta

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata baiwar Allah da ke zaune a Gusau, ga kuma abin da ta rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum Malama. Ina da ɗiya 'yar shekara uku wadda na roƙi maigidana ya sa mata Khadija saboda ƙaunar da nake yi wa Uwar Muminai, ya kuma amince. Amma tun ranar suna ban ƙara jin sunan yadda na so shi ba. Mahaifiyar maigidana, wadda ke zaune a Talata Mafara, Hadiza take kiranta, ƙannensa mata suna cewa Dije, malamar makarantarsu tana cewa Kadija, a katin rigakafi an rubuta Khadijat, ni kuwa Khadeejah nake rubutawa. Da ƙaramar Sallah na kasa daurewa, na yi wa surukata gyara a gaban baƙi, sai ta ce: 'Mu Hadiza munka sani, da ita munka tashi.' Tun daga ranar ba ta sake kiran yarinyar da wani suna ba, sai dai ta ce 'ke', maigidana kuma ya ɗauke mini wuta. Yanzu ina da cikin wata bakwai, hoton asibiti ya nuna mace ce. Shi yana son ya sa mata Asiya, sunan kakarsa ta wajen uba, amma wata ƙawata ta ce mini ma'anarsa mai saɓo, kuma Annabi ya taɓa canza shi. Ni ina son suna irin Tasnim ko Nafisa, wanda ba mai iya lalata shi. Ki ba ni shawara."

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, ɗiyata. Allah ya raya miki wannan yarinya, ya sa ta gaji halin mai sunan, ya kuma sauke ki lafiya. Na karanta wasiƙarki fiye da sau ɗaya, domin a zahiri ƙorafi ne a kan harafi ɗaya ko biyu, amma a baɗini akwai tsohuwar da aka kunyata a gaban baƙinta, da mijin da ya rasa bayan wanda zai bi tsakanin uwarsa da matarsa, da kuma uwar da ta zaɓi suna da zuciya ɗaya take jin ana ƙwace mata shi. Zan gaya miki gaskiya tun daga farko, ko da ba za ta yi miki daɗi ba: babu wanda ya ɓata sunan ɗiyarki. Hadiza ita ce Khadija a bakin Bahaushe, kuma ta riga ni da ke da kakanninmu zama a wannan ƙasa.

Harafin da sunan ya fara da shi a Larabci, wato kha'un, babu shi a Hausa. Daga saman maƙogwaro yake fitowa da ɗan karce, kuma tun a makarantar allo magabatanmu suka sa masa suna ha mai ruwa, wato ha mai ɗigo a kansa, domin su bambanta shi da ha ƙarami a rubuce, alhali a maganarsu ta yau da kullum duka biyun ha ne. Yawancin kalmomin da suka shigo mana ɗauke da wannan harafi haka muka yi musu. Alheri, hidima, hasara, hatimi, halifa, haraji da Alhamis duk da kha'un suke a Larabci, kuma ke kanki da kike yi wa surukarki gyara ba kya karce maƙogwaro idan za ki ce Allah ya saka da alheri. Ita kanta huɗubar da maigidanki ya yi wa yarinyar a kunne lokacin da aka haife ta, kalmar Larabci ce mai farawa da kha'un, da ɗa'un a tsakiyarta. Bakinmu ya sarrafa ta ta koma huɗuba, kuma hakan bai rage komai daga albarkarta ba. Haka harafin da makarantar allo ke kira lodi ya ba mu alƙali da alwala da lalura, ya kuma ba mu Murtala da Raliya da Falalu. Harafin da Balarabe ke sa bakin harshe tsakanin haƙora ya furta, mu mun mayar da shi sa, shi ya sa muke da Usman da Sani da Salisu da Kulsum. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi shekaru yana zagaya ƙasar Zamfara da wa'azi, har gobe Usmanu malamai da jahilai suke kiransa, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukar haka a matsayin rashin ladabi gare shi.

Ita kuwa "tu" da ke ƙarshen Hadizatu da Hafsatu da A'ishatu da Sa'adatu, ilimi ne ma ya kawo ta. Ta'un ce da ke ƙarshen sunan a rubuce, tare da rufu'ar da nahawu ke ɗora mata, wadda malami ke furtawa idan ya ci karo da sunan a tsakiyar jimla. Idan ya tsaya a kansa sai ta'un ta faɗi, a ji Khadija. Wanda ya rubuta Khadijat a katin rigakafi ya riƙe ta'un ya saki rufu'ar, kuma haka 'yan'uwanmu Musulmin Yarabawa suka fi rubuta shi. Ga kuma ɗabi'ar Hausa ta son rufe kalma da wasali, wadda ta ba mu Zainabu da Bilkisu da Umaru da Aliyu. Ke nan duk waɗannan sunaye da kika lissafa daga rubutu ɗaya suka fito, kowa ya tsaya inda harshensa ya saba tsayawa.

Kada kuma ki zaci Hausawa kaɗai ne suka yi haka. Baturkiya Hatije take cewa, a Mali da Gini za ki ji Kadiyatu, kuma Balaraben birnin Alƙahira, wanda Larabci ne harshen uwarsa, Khadiga yake faɗa, domin jimun a bakinsa ga ce. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Har a karatun Alƙur'ani, inda ba a yarda kowa ya ƙara ko ya rage ba, an ruwaito sunaye da fuska fiye da ɗaya: mai karatu da ruwayar Warshu, wadda muka gada a makarantun allo, yana karkatar da ƙarshen Musa da Isa da Yahaya, mai karatu da Hafsu kuwa ba ya karkatarwa, kuma a cikin ƙira'o'in da suka tabbata akwai Jibrilu da Jabrilu da Jabra'ilu, akwai Ibrahimu da Ibrahamu. Ba ina nufin an sakar wa kowa mara ya karanta Littafin Allah yadda ya ga dama ba ne. A can dole ne mu lanƙwasa harshenmu mu ba kowane harafi haƙƙinsa, kuma ina fatan za ki koya wa ɗiyarki kha'un tun tana ƙarama domin sallarta. Abin da nake nufi shi ne kiran yarinya ta zo ta ci tuwo ba tilawa ba ne, ba a kuwa ɗora wa tsohuwa hukuncin tajwidi a tsakar gidanta.

Game da Dije, ki kwantar da hankalinki ƙwarai, domin gutsure suna saboda ƙauna yana da asali mai daraja. Ya tabbata a cikin Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira Nana A'isha da "Ya A'ish" a ranar da ya sanar da ita cewa Jibrilu yana gaishe ta, ya kuma tabbata a cikin Muslim cewa ya kira hadiminsa Anas da Unaisu. Mu ma haka muka yi: A'isha ta zama A'i da Indo da Shatu, Maryam ta zama Mairo, Zainabu ta zama Abu, Faɗimatu ta zama Fati da Binta, Hauwa ta zama Kulu. Mutum ba ya gutsure sunan wanda yake ƙi. Baƙo ake kira da cikakken suna. Ƙannen mijinki da ke cewa Dije suna nuna miki ne cewa yarinyar tasu ce.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Asalin kalmar Khadija a Larabci yana komawa ne ga haihuwar da ta zo kafin watanninta su cika, abin da mu muke kira bakwaini. Ke nan darajar sunan ba a cikin haruffansa take ba, a jikin matar da ta ɗauke shi take: wadda ta fara yin imani, wadda ta lulluɓe Manzon Allah ta kwantar masa da hankali lokacin da ya sauko daga kogon Hira jikinsa yana rawa, ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal, ta ƙarar da dukiyarta a kan addini, ta zauna da shi kimanin shekara 25 bai yi mata kishiya ba, har ta rasu shekara uku kafin Hijira. Ki tambayi kanki tsakani da Allah: idan surukarki ta ce Hadiza, wace mace take nufi in ba wannan ba? A wa'azin da ta taso tana ji, da waƙoƙin bege da ta haddace tun tana budurwa, Nana Hadiza ita ce matar Manzo. Ku biyun mace ɗaya kuke girmamawa.

Yanzu bari in taɓa inda nake zaton ciwon yake, ki kuma yi mini uzuri idan na matsa. Na yi shekaru ina koyarwa, na kuma ga yadda a 'yan shekarun nan 'yan mata suka fara jin kunyar sunayensu na gida. Hadiza ta koma ta ƙauye a idonsu, Khadeejah ta zama ta wayayyu. Rakiya ta gudu ta koma Ruqayyah, Mairo ba ta son a tuna mata da Mairo. Wani lokaci kishin addini ne da gaske, amma sau da yawa tsoro ne kada a ce mutum baƙauye ne. Ki duba rubutun da kika zaɓa: "ee" ɗin da ke tsakiyarsa ƙa'idar rubutun Turanci ce, ba ta Larabci ba, ba ta Hausa ba, kuma Bahaushen da ya karanta shi da ƙa'idar Hausa wani sauti dabam zai fitar. Ban ce laifi ba ne ki so sunan yadda ya zo a Larabci. Haƙƙinki ne, ki kuma ci gaba da kiranta Khadija har ƙarshen rayuwarki. Amma idan zuciyarki tana ɓaci ne domin Hadiza tana tuna miki da Mafara, to wannan ɓacin ran shi ya kamata ki yaƙa, domin yarinyar jinin Mafara ce, kuma ranar da ta gane kina ƙyamar lafazin kakarta za ta fara ƙyamar kakar ita kanta.

Saboda haka abu na farko da zan ce ki yi, tun kafin maganar sabon suna, shi ne ki ba wannan tsohuwa haƙuri. Abin da ya yi mata zafi ba gyaran ba ne kaɗai. Ki tuna a al'adarmu surukai ko sunan juna ba su faɗa, balle a ce matar ɗa ta koya wa uwar miji magana a gaban jama'a. Shirun da ta yi, ta koma kiran jikarta "ke", shi ne iyakar abin da mutuncinta ya bar ta ta yi, kuma ki tabbata ita ma abin yana cin ta, domin babu kakar da ke jin daɗin rasa sunan da za ta kira jikarta da shi. Kada ki je mata da hujja, kada ki ɗauki wannan bayani nawa na haruffa ki kai mata, ba ta buƙatarsa. Ki durƙusa ki ce, "Inna, na yi kuskure, ƙuruciya ce, ki yafe mini." Sannan ki tura yarinyar wurinta da bakinki, ki ce, "Hadiza, je ki gaida Inna." Jin sunan daga bakinki sau ɗaya zai yi aikin da dogon ban haƙuri ba zai yi ba. Mijinki kuma ki same shi tun kafin nan ki gaya masa niyyarki, domin fushinsa na kare mahaifiyarsa ne, kuma namijin da ke jin zafin a taɓa uwarsa ba abin ƙi ba ne. Ke ma uwa ce.

Kada ki ji tsoron yarinyar za ta rikice. Yaro ɗan shekara uku ya san muryar kowa da sunan da kowa ke kiransa, yana kuma amsawa ba tare da tunani ba. Ni 'yar fari ce, mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunana na yanka ba saboda kunya, kakata tana da nata sunan da take kirana, a makaranta kuma wani dabam ake kira a rajista, ban kuwa taɓa mance ko ni wace ce ba. Inda za ki sa baki shi ne idan wani ya juya sunan da gangan domin ba'a, ko ya laƙaba mata abin da ke aibata jikinta ko launinta, domin aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana jifan juna da miyagun laƙubba. Idan kuma ta girma ta nuna da kanta cewa akwai wanda ba ta so a cikin sunayen, sai a mutunta ra'ayinta. Malamar makaranta da ke cewa Kadija, ita kam za ki iya gaya mata cikin sirri da ladabi, domin harafin k ta gani a rubuce ta bi shi, kuma aikinta ne ta kira ɗaliba yadda iyayenta suka so.

Duk sassaucin da na nema daga gare ki a kan harshe yake. A kan takarda kuwa ina son ki yi tsauri fiye da yadda kike yi yanzu, domin a nan ne haɗarin gaske yake, kuma shi ne kika ambata a gurguje kika wuce. Kunnen mutum ya san Hadiza da Khadija ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba. Na koyar da wata yarinya mai ƙwazo wadda takardarta ta firamare ta ce Hadiza, sakamakon jarrabawarta ta kammala sakandare ya ce Khadijat, lambarta ta shaidar ɗan ƙasa kuma ta ce Khadija. Sai da ta yi asarar shekara guda tana zirga-zirga tsakanin kotu domin takardar rantsuwa da gidan jarida domin sanarwar gyaran suna, ƙawayenta suna aji. Tun shekarar 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, wato ta shaidar ɗan ƙasa, bankuna suna aiki da BVN tun 2014, ga fasfo da bizar aikin Hajji, kuma dukkansu suna son suna ya zo iri ɗaya harafi da harafi. Ku zauna ke da maigidanki ku tsayar da rubutu ɗaya. Ni da za a bi tawa, Khadija za a rubuta, ba "ee", ba "h" ko "t" a ƙarshe, domin shi ya fi sauƙi ga duk wanda zai kwafa. Katin rigakafi ba shi ne tushe ba. Tushe shi ne takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ki ɗauko ta yau ki duba abin da aka rubuta, idan kuma ba ku karɓa ba ku je ku karɓa, ki rubuta wa ma'aikacin sunan da hannunki, ki karanta kafin ki bar wurin. Ku tsayar da jerin sunayen ma, nata da na mahaifinta da na kakanta, kada yau wannan ya zo gaba gobe ya koma baya. Duk takardar da za ta biyo baya, daga rajistar makaranta har NIN, daga wannan za a kwafa.

Sai maganar Asiya. Ƙawarki ta ji wani abu na gaskiya, amma ta ɗora shi inda ba wurinsa ba, kuma abin sha'awa shi ne wannan ma matsalar lafazi ce. A Larabci sunaye biyu ne mabambanta. Ɗaya yana farawa da ainun, da sodi a tsakiyarsa, ma'anarsa mai saɓo. Wata ɗiyar Sayyidina Umar ce ke ɗauke da shi, Manzon Allah ya canza mata zuwa Jamila, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Ɗayan kuwa yana farawa da alifi mai ja, da sinun a tsakiyarsa, shi ne sunan matar Fir'auna, wadda ta ce kada a kashe jariri Musa lokacin da aka tsamo shi daga ruwa, wadda Allah ya buga misali da ita ga muminai a aya ta 11 ta Suratut Tahrimi, inda ta roƙi ya gina mata gida a wurinsa a cikin Aljanna, wadda kuma hadisin Bukhari ya ambace ta tare da Maryam a cikin matan da suka kai kamala. Da yake Hausa ba ta bambanta waɗannan haruffa a magana, duka biyun sun faɗo mana a matsayin Asiya. Amma babu uban da ya taɓa yanka rago a ƙasar Hausa da nufin ɗiyarsa ta zama mai saɓo. Duk Asiyar da kika sani takwarar matar Fir'auna ce, har da kakar mijinki. Suna ne mai girma, kada ki bari a tsorata ki da shi. Abin da kawai za ku kiyaye shi ne ranar da za a rubuta shi da Larabci, a Islamiyya ko a wata takarda, a rubuta da alifi da sinun.

Sunayen da kika kawo su ma masu kyau ne. Tasnim wani marmaro ne a Aljanna da aka ambata a aya ta 27 ta Suratul Muɗaffifina. Nafisa na nufin abu mai daraja da tsada, kuma sunan wata malama ce daga zuriyar Sayyidina Hassan wadda ta rasu a Masar a shekara ta 208 bayan Hijira. Sai dai burinki na samun sunan da baki ba zai taɓa ba, wannan kam ba zai samu ba, kuma gara ki sani tun yanzu. Ke 'yar Zamfara ce, kin san abin da harshenmu ke yi wa fa: muna cewa hita da hili da hwara. Nafisa tana isa Mafara za ta koma Nahisa, kamar yadda Safiya ta koma Sahiya, Firdausi ta koma Hirdausi, Farida ta koma Hwarida. Tasnim kuwa za ki ji Tasnin, kamar yadda muke cewa Maryan da Malan, ko a ƙara mata wasali, ko a gutsure ta. Sunan da bai canza ba shi ne wanda ba a kira.

Hausawa suka ce suna linzami. Abin da ya kamata ki tsananta bincike a kansa shi ne ma'ana da kuma wanda aka yi wa takwara, musamman yanzu da ake tsinto sunaye a intanet saboda daɗin sautinsu kawai. Ba kowace kalma da ta zo a Alƙur'ani ce ta dace da suna ba; Mahin ta zo a cikinsa, ma'anarta kuwa wulaƙantacce. Ba kuma kowane suna mai daɗin ma'ana aka bari ba, domin Manzon Allah ya canza wa mata masu suna Barra, wato mai yawan biyayya ga Allah, ya mayar da su Zainab da Juwairiya saboda ƙin yabon kai. Duk sunan da ya burge ki, ki kai wa malamin da ya san Larabci ya rubuta miki shi da haruffansa ya gaya miki asalinsa, domin kin ga yadda harafi ɗaya ya raba matar Fir'auna da mai saɓo. Daga nan ki faɗa wa wata tsohuwa ki saurari yadda zai fito daga bakinta, domin haka za a riƙa kiransa a gidan biki. Idan abin da ya fito ya yi kama da wata kalmar Hausa da yara za su yi wa yarinya dariya da ita, ki haƙura da shi. Ki kuma gwada shi a kan dattijuwa mai jikoki, domin jaririyar ba za ta dawwama a zanen goyo ba. Shehu da kansa ya nuna mana cewa abin koyi ake dubawa: ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, tagwaye aka haife ta tare da Hassan, al'ada kuma ta tanadar mata sunan tagwaye, amma ya sa mata sunan Asma'u ɗiyar Sayyidina Abubakar, ta kuwa tashi ta zama malamar da ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta ilimantar da matan karkara ta hannun 'yan taru, wato ƙungiyar mata masu neman ilimi da ta kafa.

A wajen mafi yawan malamai, idan aka sami saɓani uba ne ke da maganar ƙarshe a kan suna, tun da da sunansa za a riƙa danganta yaron. Amma shawara da uwa abu ne mai kyau, kuma aya ta 36 a Suratu Ali Imrana ta nuna mahaifiyar Maryam ce ta sa mata suna. Ki lura cewa a haihuwar farko mijinki ya bar miki zaɓi. Idan a wannan karon ya nemi ya raya sunan kakarsa, adalci ne ki ba shi da daɗin rai, ba da jan fuska ba. Ba za ki tashi a banza ba kuma, domin al'ada ta riga ta buɗe miki ƙofa. Asiya sunan surukar Inna ne, ba za ta iya furta shi ba, mahaifin mijinki da 'yan'uwansa su ma ba za su kira sunan uwarsu gatsau ba, ke nan dole a nemi sunan alkunya da za a riƙa sakayawa da shi, kamar yadda ake yi da Ummi da Nana da Walida. A nan Tasnim za ta shiga. Sunan yanka Asiya, shi ne a takarda, ba tare da an cusa lakabin a ciki ba. Na kira a gida kuma Tasnim.

Shawarata ita ce ki haɗa tafiyar biyu. Idan hanya ta yi kyau kuma likita ya yarda ki yi tafiya a wannan wata, ku je Mafara tare da maigidanki da yarinyar, da ɗan turmin atamfa da goro. Idan hakan bai yiwu ba, ya je ya haɗa ku ta waya. Bayan kin ba ta haƙuri ta huce, sai ki gaya mata cewa idan Allah ya kawo mace za a mayar da sunan kakar maigidanki, ki kuma tambaye ta ko Tasnim ta yi mata a matsayin alkunya. Duk yadda ta maimaita shi, ki amsa da to. Ku kammala wannan magana tun kafin naƙuda, domin huɗuba ba ta jiran ranar bakwai, ku kuma tanadi sunan namiji guda ɗaya ku ajiye, tun da hoton asibiti yakan yi kuskure.